Durƙuso Ɗaya Tak

Ranar da za a sallami Hadiyya daga babban asibiti a Sakkwato, likitan ƙashi bai yarda ya yi mata bayani ita kaɗai ba. Ya sa aka kira mijinta Muntaka, ya zaunar da shi, ya ɗaga hoton ƙugunta wajen hasken taga. Ya ce ƙugun roba da ƙarfe da aka sa mata shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da sikila ta cinye mata kan ƙashin cinya, ya saki tun tuni. Ya daɗe yana girgiɗi a ciki yana gugar ƙashi, har ya rarake gurbin da yake zaune. Da suka buɗe, rami suka tarar, kamar turmin da gindinsa ya ɓurme. Sai da suka yanko ƙashi daga gefen ƙugunta suka marmasa, suka cike ramin suna dannawa, suka shimfiɗa ragar ƙarfe, suka ɗora keji na ƙarfe suka ɗaure shi da kusoshi a ɗan ƙashin da ya rage mai ƙwari, sannan suka kafa sabon ƙoƙo a ciki. Awa shida aka kwashe ana wannan aiki.

"Malam Muntaka, ka saurare ni da kyau," in ji likitan. "Marmashin ƙashin nan bai kama ba tukuna. Sai ya yi wata uku kafin ya haɗe ya zama jikinta. A wata ukun nan ba tsuguno, ba durƙuso, ba zaman tabarma, ba zama a kan duk abin da bai kai tsawon gwiwarta ba. Ƙafar nan ba za ta ɗauki nauyi ba, sanduna ne za su ɗauka. In kejin nan ya ɓalle, ba sauran ƙashin da zan kafa wa kusa a karo na uku. Ka gane?"

"Na gane, likita. In sha Allahu ko ƙasa ba ta taɓawa."

Ganewa kam ya gane. Muntaka ba dolo ba ne, mutum ne da ke cinikin hatsi a kasuwar Sabon Birni, kuma ba a yi masa wayo a bakin mudu. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne baki a gaban mahaifiyarsa, Inna Larai.

Kafin su iso gida, yayan Hadiyya, Lawwali, kafinta ne a Isa, ya riga ya kawo kujeru biyu ɗaure a bayan babur. Tun tana asibiti ya auna tsawon ƙafarta daga diddige zuwa gwiwa. Ɗaya doguwa ce mai hannuwa, ta zama a tsakar gida. Ɗayar mai huda ce a tsakiya, wadda za a ɗora a bakin masai don kada ta tsuguna. Ya gwada su da nauyin jikinsa, ya yi wa ƙanwarsa addu'a, ya koma Isa da wuri, don hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar saboda 'yan bindiga.

Washegari da safe Hadiyya ta dogara sandunanta biyu ta nufi ƙofar ɗakin uwar mijinta. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan gaisuwa a durƙushe, har da shekarun da ƙugun ke mata ƙara in ta lanƙwasa. Yau kuwa a tsaye ta sunkuyar da kai.

"Inna, ina kwana?"

Inna Larai na zaune a tabarma tana jan carbi. Ba ta ɗago ba. Hadiyya ta sake gaisuwar, ta kuma sakewa. Sai tsohuwar ta waiwaya gefe, kamar mai tambayar bango.

"Wa ka magana bisa kaina?"

"Ni ta, Inna. Likita na yah hana mini durƙuso."

"Durƙuso yah hana miki, ko kunya? Ni da gwiwata ka ciwo shekara ashirin, har uwam mijina tab bar duniya ban taɓa gaishe ta tsaye ba."

Ta koma kan carbinta. Hadiyya ta tsaya jim, hammatarta na zafi saboda sanduna, sannan ta juya. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai, amma ta ce a zuciyarta wata uku ne, ba shekara uku ba. Da ta gaya wa Muntaka, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi haƙuri, tsohuwa ta. Za ni yi mata bayani." Bayanin da har yau ba a ji wanda ya ji shi ba.

Bayan mako biyu aka cire zare a asibitin gari. Tabon ya bushe tsaf, dogo daga ƙugu zuwa cinya. Inna Larai ta sa aka ɗaga mata zane ta duba da idonta, ta danna da yatsa, ta yanke hukunci nan take: ta warke. A wajenta ciwo shi ne abin da ke zubar da ruwa ko jini. Maganar wani ƙashi da ke haɗewa a ciki, wanda ba wanda ya gani sai mai farin riga, ba ta shiga kanta ba, kuma ba ta yi niyyar barin ta ta shiga ba. Daga ranar sunan abin ya tashi daga jinya ya koma sangarta.

Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya. Sukan tarar da Hadiyya a kan doguwar kujerarta a inuwar darbejiya, ƙafa a miƙe, Inna Larai kuma a ƙasa kan tabarma. Wata mai bakin barkwanci ta tafa hannu ta ce, "Kai! Yau ga sarauniya bisa karaga, ga mu talakawa ƙasa har da Inna." Aka yi dariya, har da Hadiyya, don ba ta ga abin da ke tafe ba. Inna Larai ba ta yi dariya ba. Ranar ba ta taɓa tuwon dare ba, washegari ta mayar da furar safe. Da Muntaka ya je lallashi, ta ce ita ba ta da abin cewa, tunda ta rayu har ta ga ranar da matar ɗanta ke kallon tsakar kanta.

Da hantsi Muntaka ya aro zarto. Hadiyya na tsaye kan sanduna tana kallo ya kwantar da doguwar kujerar, ya auna taƙi ɗaya a kowace ƙafa.

"Malam, Yaya Lawwali auna ta yay yi. Likita ya ce kar ta gaza gwiwa."

"Taƙi guda ɗai na, Hadiyya. Mi taƙi guda ka yi? Ki bari a zamna lahiya cikin gidan ga."

Ya yanke su huɗu, ya tattara guntayen ya jefa bakin murhu. Ta gwada zama sau ɗaya. Tun kafin ta kai ƙasa ta ji wani abu ya soke ta a cikin ƙugu har ƙwaƙwalwa, ta yi wuf ta dafe hannuwan kujerar ta miƙe. Ba ta sake kusantar ta ba. Ta koma zaman bakin gado a ɗaki, nan take cin abinci, nan take salla da ishara. Nan ma ba ta tsira ba, don Inna Larai ta ce matar da ke kulle kanta a ɗaki kamar mai takaba alhali mijinta na da rai, mugun fata take masa.

Maganar sallar ma sai da ta kai gaban liman. Inna Larai ce ta tura Muntaka ya tambayo ko salla ba sujada tana karɓuwa. Liman ya ce sarai ma, mai lalura Allah ya yi masa sauƙi. Muntaka ya dawo da amsar, uwar ta taɓe baki ta ce to, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Wato Mahalicci ya ɗauke wa Hadiyya sujada, amma Inna Larai ba ta ga dalilin da ita za ta ɗauke mata durƙuso ba. Gaisuwar safe ta ci gaba da tafiya ba amsa.

A mako na huɗu kujerar masai ta ɓace. Inna Larai ta ce ta yi tuntuɓe da ita da asuba, saura kaɗan ta faɗi, kuma abin kunya ne baƙo ya zagaya ya tarar da irin wannan a gidan mutunci. An wurga ta bayan turken awaki, kafin kwana uku an faskare ta an dafa dawa da ita. Muntaka ya ce zai sa a yi wata, sai dai kafintan unguwa ya yi tafiya.

Wanda bai taɓa zagayawa a tsaye ba, da ƙafa ɗaya a miƙe, kafaɗa jingine da bangon laka, hannu riƙe da sanda, ba zai san abin da Hadiyya ta gani ba. Kowace shiga masai sai ta fito jiƙe da gumi. Sai ta yi dabarar da ta fi cutar da ita: ta rage ci, ta rage shan ruwa, don ta rage zagayawa. Mai sikila kuwa ruwa ne abincinsa na farko. Idanunta suka yi ruwan ɗorawa, gaɓoɓinta suka fara sara, wuyanta ya zama kamar na wadda ta shekara kwance. Inna Larai ta dube ta ta ce zaman banza ne ke ramar da mutum, da tana ɗan daka da tuni jini ya gudana.

Lawwali yakan bugo waya duk bayan kwana biyu. Kullum amsar ɗaya ce: "Lahiya lau, Yaya, ana ta samun sauƙi." Haka aka rene ta, cewa mace ba ta kwasar maganar gidan miji ta kai gidansu, kuma ta riƙe wannan tarbiyya da hannu biyu tana cin ta da rai. Tana lissafin kwanaki a ranta. Ta wuce arba'in, saura hamsin.

Ana cikin mako na bakwai, bayan an gama yankan gero, aka aiko cewa Baba Yari na tafe daga Kamarawa don duba ta. Shi ne wan mahaifin Muntaka, kuma shi ne babban da ya rage a dangi. Aka share tsakar gida, aka yanka zakara, matan dangi suka cika gidan tun hantsi. Aka shimfiɗa wa tsohon darduma a gindin darbejiya, Inna Larai ta zauna daga gefe a tabarmarta.

Muntaka ya shigo ɗaki ya saki labule. Fuskarsa kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa.

"Hadiyya, don girman Allah ki ruhwa mini asiri. Inna ta rantse in kinka gaida Baba tsaye gaban mutane, yau za ta bi shi Kamarawa, kuma ba ta yahe mini nonon da nis sha ba."

"Malam, kai anka zamnar gaban likita. Da kunnenka kaj ji."

"Na ji. Amma yau kwana nawa? Ai ya ci ya kama. Sau guda ɗai na. Ki ɗan rusuna, gwiwa ta taɓa ƙasa, ki tashi. Ni za ni riƙe ki, nauyinki duk bisa hannuna za shi zama."

"Ka riƙe ni?"

"Wallahi ina riƙe da ke."

Ta daɗe tana kallonsa. Tsoro ne fal cikinta, amma ta gaji. Ta gaji da gaisuwar da ba a amsawa, ta gaji da zama bare a gidan da ta shekara goma sha tara tana tuƙa tuwonsa. Ta ce a ranta wataƙila in ta ba su wannan ɗayan, su bar ta ta ƙarasa sauran kwanakin cikin salama. Ta jawo mayafi ta ɗauki sanduna.

Da suka fito, idon kowa ya koma kansu. Ta tako a hankali har gaban darduma. Muntaka ya karɓi sandar hagu, ya kama damtsenta da hannu biyu. Ta fara sauka, gwiwar lafiyayyar ƙafar na lanƙwashewa, duk nauyinta a hannunsa. Tana tsakiyar sauka sai Baba Yari ya ɗago kai ya juyo da fuskarsa wajensu. A gidajen da ke ji da kunya, ɗa ba ya riƙe jikin matarsa a gaban wan ubansa, ga kuma uwarsa na kallo, ga gwaggonni. Muntaka bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba tun yana saurayi. Ya sake ta, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

Hadiyya ta tafi gaba ɗaya a kan ƙugun da aka gyara. Ba wanda ya ji ƙarar sai ita, a ciki ta ji ta, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ihun ma bai fito ba. Ta kife a gefen darduma, bakinta buɗe, ƙafar ta juya waje.

"Wa na na?" in ji Baba Yari, yana lalube da hannu. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara, inuwa kawai yake rarrabewa. "Hadiyya ta? Subhanallahi! Wa yas sa ta durƙuso, ita da anka yi ma aiki? Ai ni niz zo gaishe ta."

Mata suka ciccibe ta zuwa ɗaki.

Ko a nan da an yi abin da ya kamata, da an rage mata azaba. Amma Inna Larai ta ce targaɗe ne, kuma raki ya yi yawa. Aka dafa ruwa aka yi ta gasa mata ƙugu da tsumma, aka shafe shi da man shanu. Muntaka ya ce yamma ta yi, hanya ba ta biyuwa. Washegari ranar kasuwa ce, ya ce ba ya iya barin rumfa. Kwana biyu Hadiyya na kwance tana cizon filo, ƙafar dama ta gaza ta hagu da kusan taƙi guda. A rana ta uku Lawwali ya bugo waya, ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai kuka ya ƙwace mata. Kafin azahar ya iso da mota. Bai gaida kowa ba a gidan, ya ɗauki ƙanwarsa ya sa a kujerar baya. Muntaka ya shiga gaba yana ta salati.

Likitan ya ɗaga sabon hoton wajen taga, ya duba shi sama da ƙasa. Ko wanda bai yi boko ba zai ga abin da ya faru. Kejin ya tsinke daga sama, kusoshi biyu sun karye, sauran sun tumɓuke da ƙashin da suke riƙe da shi, kan ƙarfen ya ɓurma ciki.

"Me ya faru?"

Muntaka ya yi saurin cewa, "Zamewa tay yi, likita. Wajen alwala. Ƙaddara ta."

Likitan bai ko dube shi ba. "Malama Hadiyya, ke nake tambaya."

Muntaka ya zuba mata ido, irin kallon nan na roƙo da ta sani sarai. Shekara goma sha tara tana amsa wannan kallo. Ta juyar da kai.

"Ban zame ba, likita. Gaisuwa niy yi. Cewa anka yi in durƙusa, shi kuma ya ce shina riƙe da ni."

Likitan ya ajiye hoton, ya gaya musu gaskiya ba kwana-kwana. Ba abin da zai sake kafawa. Za su shiga su kwashe ƙarfen duka, su bar cinyar ba gurbi, nama ne kawai zai riƙe ta. Zafin zai ragu da lokaci. Ƙafar za ta gajarce, ba za ta sake ɗaukar ta ba sai da sanduna, iyakar rayuwarta. Shekarunta talatin da takwas.

A Sabon Birni kuwa labari ya riga ya sha gyara. Wasu suka ce ƙarfen ne ba mai kyau ba. Wasu suka ce likitocin yanzu gaggawa gare su. Inna Larai ta gaya wa masu jaje cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma ita dama tun farko ba ta yarda da yankan nan ba. Ba wanda ya ambaci zarto, ba wanda ya ambaci hannun da ya saki. Abu ɗaya ne ya tsaya wa gidan a maƙogwaro, shi ne wai Hadiyya ta buɗe baki a gaban bare ta ce mijinta ya yi ƙarya. Wannan kam, in ji su, ba tarbiyya ba ce.

Kwana tara bayan aiki na uku, Muntaka ya zo asibiti da ledar lemo. Lawwali na zaune a bakin gado, ya tashi ya fita don kada ya yi abin da zai yi nadama. Muntaka ya zauna, ya tambayi jiki, ya yi ta juya hularsa a hannu. Hadiyya ta san akwai magana, ta bar shi ya gama kewaye-kewayensa.

"Inna na gaishe ki," ya ce daga ƙarshe. "Ta ce komi ya wuce. Ita uwa ta, ba ta riƙo. In anka sallame ki, ki dawo ɗakinki. Sai dai maganag ga da kinka yi gaban likita ta yi mata zahi ƙwarai. Ta ce in kin iso, ki taho gabanta ki durƙusa ki ba ta haƙuri, shi ke nan a ruhe maganar."

Hadiyya ta dube shi. Ta nemi fushin da ya kamata ta ji, ta tarar ya ƙone, sai wani ɗaci mai sanyi da ya kwanta mata a ƙirji. Ta yaye bargon a hankali, ta nuna masa ƙafar da ke kwance gajeriya, an ɗaure ta da igiya da nauyi a ƙarshen gado.

"Ka koma ka ce ma Inna na ji saƙo," ta ce. "Ka ce mata abin da aka durƙuso da shi, likita ya kwashe shi duka. Shina nan wajensu cikin kwano. In tana so, ka amso mata."

Ta ja bargon ta rufe ƙafarta, ta ce masa in ya fita ya turo mata yayanta.